Ko ɗinkin da babu ado shi ke gundurar mutane? Amsa ga wata mai ɗinki a Jidda

Tambayar ta fito ne daga wata matashiya Bahaushiya da ke da ɗan mashgal, wato shagon ɗinkin mata, a Jidda, inda take ɗinka abayoyi da dogayen riguna. Ta ce ranta ya fi kwanciya da ɗinki sada, wanda babu dutse, babu sirfani, babu leshi a baki, amma duk sanda ta baje irin wannan aiki sai masu saye, musamman 'yan uwanta Hausawan Jidda da Makka, su ce kayan sun yi lami, kuma a 'yan watannin nan ita kanta aikin ya fara gundurarta. Tana so ta san ko salon taƙaita ado, wanda Turawa ke kira minimalizim, gundura ce kawai aka laƙaba wa suna mai daɗi, kuma ko ta haƙura ta koma ɗora duwatsu kamar kowa.

Ƙanwata, ban ga dalilin da zai sa ki koma ɗora duwatsu don kawai kowa yana yi ba, amma kuma ba zan gaya miki cewa masu sayenki ba su san abu mai kyau ba, domin sau da yawa abin da suke ƙorafi a kai yana nan a jikin kayan. Ado a jikin riga ba zaman banza yake yi ba. Shi yake riƙe idon mai kallo, shi yake rufa wa tela asiri idan haɗin kafaɗa ya karkace ko yadin bai kai ba, kuma shi yake shaida wa jama'a cewa an kashe kuɗi da lokaci a kan tufar. Ranar da kika cire shi, waɗannan ayyuka suna nan suna jiran mai ɗaukarsu, kuma babu mai iya ɗauka sai yadi da yanka da gamawar ɗinki. Mafi yawan ɗinkin sada da ke gundurar mutane, adon kawai aka cire aka bar rigar da yadinta na da da yankanta na da, shi ya sa duk wanda ya kalle ta yake jin kamar an manta da wani abu.

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe suna bincike a kan abin da ke sa ido ya ƙosa, kuma sakamakon ba duka yake goyon bayan masu taƙaita ado ba. A 1968 Robert Zajonc na Jami'ar Michigan a Amurka ya nuna cewa yawan ganin abu yakan sa mutum ya ƙara sonsa, ko da abin ba shi da wata ma'ana a wurinsa. Ba da daɗewa ba Daniel Berlyne na Jami'ar Toronto a Kanada ya ƙara wani sharaɗi mai muhimmanci, inda ya gano cewa idan aka riƙa maimaita wa mutane zane mai sauƙi sukan gaji da shi da wuri, alhali zane mai sarƙaƙiya yakan ƙara shiga ransu, saboda kowane kallo yana ba su abin da ba su lura da shi a baya ba. Ke nan matar da ta ce abayarki ta yi lami ba ƙauyanci take yi ba. Idonta ya gama karanta rigar a kallo ɗaya bai sami dalilin komawa ba. Sai dai kada masu duwatsu su yi saurin murna, domin dutse dubu iri ɗaya abu guda ne aka maimaita sau dubu, kuma rigar da aka lulluɓe da shi ita ma a kallon farko take zube duk abin da ta mallaka. Shi ya sa take ginsar mai ita bayan sawa biyu ko uku, ga kuma matsalar cewa duk wanda ya gan ta a bikin farko zai shaida ta a na biyu.

Abin da ake nema shi ne tufar da ba ta bayyana kanta gaba ɗaya lokaci guda, kuma kina zaune kusa da misalin da ya fi kowane girma. Ba ina kwatanta rigar Ka'aba da tufafin mutane ba ne, dabarar saƙarta kawai nake so ki lura da ita. Daga nesa baƙin siliki ne da ɗamarar rubutu na zaren zinariya a sama, amma wanda Allah ya ba damar matsawa kusa zai ga cewa baƙin kansa ba fili ba ne, an saƙa kalmomin zikiri a cikinsa, baƙi a kan baƙi, waɗanda ba sa fitowa sai haske ya faɗa musu ta gefe. A masaƙar Ummul Jud da ke nan Makka ake wannan aiki. Mu ma a gida muna da wannan ilimi tun kafin a ba shi sunan Turanci. Farar shadda, irin wadda kamfanin Getzner ke saƙawa a garin Bludenz na Ostiriya, launi ɗaya ce, zanenta a cikin saƙa yake, kuma dattijon da ya san kaya yakan sa a yi mata farin aiki a kan fari, a kai ta bugu ta ɗauki sheƙi, ya fito babu wani launi na biyu a jikinsa amma kowa ya san ya sa kaya. Turkuɗin da ake rina a Kura ta jihar Kano, wanda Buzaye ke naɗa rawani da shi, ba shi da ɗigon sirfani. Rini ne a kan rini da bugu da garin shuni har sai ya yi ƙyalli irin na ƙarfe, kuma tsadarsa ba ta taɓa buƙatar bayani ba. Saboda haka idan wani ya ce miki Bahaushe bai san taƙaita ado ba, bai duba akwatin kakansa da kyau ba.

Turawan da suka yi suna a wannan salo, babu ɗaya daga cikinsu da ya tsaya a kan cirewa kawai. A 1926 mujallar Vogue ta Amurka ta buga zanen wata baƙar riga ta Coco Chanel ta kwatanta ta da motar Ford, wato abin da kowa zai mallaka, kuma tun daga nan ake ambatarta a matsayin mafarin wannan hanya. Amma ni a ganina waɗanda za su fi amfanarki su ne Madeleine Vionnet, wadda a waɗannan shekarun ta ƙware a yanka yadi a karkace domin ya bi jiki ya zuba da kansa, da Cristóbal Balenciaga, ɗan ƙasar Sifen da ya buɗe gidan ɗinkinsa a Paris a 1937 ya rufe a 1968. Balenciaga ya yi ta rage yawan haɗi a jikin riga har ya kai ga rigunan da ke tsayawa nesa da jiki, kuma da ya ga yadin kasuwa ba zai riƙe siffar da yake so ba, sai ya haɗa kai da masaƙar Abraham ta Suwizalan aka fitar masa da wani siliki mai tauri da ake kira gazar. Jil Sander, wadda ta fara a Hamburg ta Jamus a 1968, ta shahara ne da kashe kuɗi mai yawa a kan yadi, kuma bayan ta sayar wa kamfanin Prada na Italiya mafi yawan kamfaninta a 1999 ba ta daɗe ba ta fice a 2000, inda aka fi ruwaito cewa saɓanin ya shafi neman a rage tsadar kayan aiki. Sai 'yan Japan, Yohji Yamamoto da Rei Kawakubo, da suka shiga Paris a 1981 da baƙaƙen tufafi masu yalwa waɗanda ba sa bin ƙirar jiki, da Issey Miyake wanda a 1993 ya fito da riguna da ake fara ɗinkawa da girma sannan a tattare su da zafin inji. Ga mai ɗinkin abaya waɗannan ukun sun fi kowa kusa, domin tambayar da suka yi ta fama da ita ita ce taki: yaya za a sa tufar da ba ta kama jiki ba ta kasance tana da siffa da motsi?

Gundura kuwa ita ce injin da ke juya yayi, kuma ba ta barin kowane ɓangare ya dawwama. Bayan manyan kafaɗu da ƙyalƙyalin shekarun 1980 aka koma ga Calvin Klein da Helmut Lang da Sander a shekarun 1990. Aka gaji aka koma ga tambarin kamfani a kowane lungu na riga. Bayan rikicin tattalin arziki na 2008 Phoebe Philo ta dawo da natsuwa a gidan ɗinkin Céline. A 2015 Alessandro Michele ya cika tufafin gidan Gucci da furanni da macizai da sirfani, duniya ta bi shi, kuma kafin ya bar gidan a 2022 an riga an fara neman kayan da ba su da hayaniya. Ko a fagen gine-gine an yi wannan ja-in-ja, inda Mies van der Rohe ya shahara da cewa ragewa ƙari ne, Robert Venturi kuma ya mayar masa a 1966 cewa ragewa gundura ce.

Amma akwai wani darasi a tarihin da ya fi dacewa da halin da kike ciki. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu gwamnatin Ingila ta fara rabon tufafi da takardar izini a 1941, sannan ta ƙayyade yawan aljihu da maɓalli da tattara da za a iya sa wa riga. Da Christian Dior ya fito a Fabrairun 1947 da siket mai cin yadi mai yawa, mata suka rungume shi duk da sukar da aka yi masa na almubazzaranci. Sauƙin da aka ɗora wa mutum dole ba ɗaya yake da sauƙin da ya zaɓa ba. Matan Saudiyya sun shafe shekaru da dama a cikin baƙar abaya kusan iri ɗaya, kuma tun daga 2018, lokacin da Yarima Muhammad bin Salman ya faɗa a wata hira da tashar CBS ta Amurka cewa abin da shari'a ta nema shi ne suturar mutunci ba lallai baƙar abaya ba, kasuwa ta cika da launuka da zane. An kafa Hukumar Kula da Harkar Tufafi a ƙarƙashin Ma'aikatar Al'adu a 2020, an yi makon nunin tufafi na Riyadh na farko a Oktoban 2023. Kin shigo da baƙi sada ne a daidai lokacin da mutane da yawa suke jin yanzu suka sami sararin fita daga cikinsa, saboda haka wani ɓangare na turjiyar da kike gani ba laifin almakashinki ba ne.

A kan wannan sai ki ɗora abin da ya keɓanci mutanenmu. Bahaushiyar Jidda ko ta Shari'a Mansur a Makka tana rayuwa ne da akwati biyu: abaya da tarha, wato mayafin kai, a titi da asibiti da Harami, atamfa da leshi da shadda idan an rufe ƙofar istiraha, wato gidan da ake haya don taro, ana biki ko suna. Sada ta riga ta ishe ta a waje, don haka idan ta zo wurinki da kuɗin biki, abin da titi ya hana ta take nema. Ban da haka, rashin ado a wurinmu yana ɗauke da ma'anoni da bai ɗauka a Hamburg ba. Macen da ta daina kwalliya, abin da zai fara zuwa zuciyar mutane shi ne takaba, ko rashin lafiya, ko kuwa maigida ya shiga wani hali, kuma a taron da dangin miji suke zaune suna lissafi da ido babu wadda take so a yi mata wannan fassara. Gaskiya mai ɗaci ita ce, a ko'ina a duniya sauƙin tufar mai kuɗi ake kira tsari, na talaka kuma a kira shi rashi, kuma jama'ar da da yawansu suka sha wahala kafin su kafu a ƙasar nan ba za a zarge su ba idan suna so a ga kuɗinsu a jikinsu. Haka nan alhazan Najeriya da Nijar da ke shiga Balad, tsohon garin Jidda mai kasuwanni, sayen tsaraba: abaya mai dutse suke nema, domin wadda za a kai wa a Kano ko Damagaram tana so a gane daga nesa cewa daga Makka ta fito.

Idan kina son ganin yadda ake hana sada gundura, ki dubi tob, doguwar rigar maza. Fari ne, dogo ne, kusan kowa irinsa yake sawa, amma namiji ɗan ƙasar nan zai gane bambancin ɗinkin riyal hamsin da na ɗaruruwa tun daga ƙofar masallaci. Yana duba tsayuwar wuya, da ko farin yana ɗaukar shuɗi-shuɗi ne ko ruwan madara, da faɗin hannun da ake sa wa kabak, wato maɓallin ƙarfe na bakin hannu, da inda tsawon ya tsaya a kan idon sawu, da yadda yadin, wanda mafi daraja a cikinsa daga masaƙun Japan irin su Toyobo yake zuwa, yake riƙe guga. Da siffar wuya kaɗai ake rarrabe ɗan Saudiyya da ɗan Kuwait da ɗan Imarat, wanda rigarsa ba ta da tsayayyen wuya sai igiya mai lilo a gaba. Idan aka ƙuntata zaɓi, ido yakan koyi ganin rabin santimita. Matsalarki ita ce masu sayenki mata ba a saba musu da irin wannan kallo a kan tufafinsu ba, kuma koya musu shi yana cikin aikinki.

Yanzu mu shiga shago. Ɗinkin sada kamar shinkafa da wake da mai da yaji yake: babu miyar da za ta ɓoye komai, idan shinkafar ba ta da kyau a loma ta farko za a sani. Don haka yadi ne farkon inda kuɗinki zai tafi, kuma kuɗin da kike kashewa a da a kan duwatsu da mai liƙa su nan ya kamata ya koma. Kada ki zaɓi yadi a shimfiɗe a kan tebur. Ki sa a warware miki mita biyu, ki rataya a kafaɗarki, ki yi tafiya da shi, ki ga ko yana zuba ne ko yana manne wa ƙafa, ki damƙe shi a tafin hannu ki saki ki ga ko ya riƙe yamutsa. Yadin nida yana da santsi da sauƙin nauyi, yadin kirif yana da ɗan ƙwaya-ƙwaya da ke shanye haske, lilin yana shan iska a damshin Jidda amma yana yamutsewa, kuma dole ki gaya wa mai saye haka tun kafin ta biya. Sannan ki sani baƙi ba ɗaya ba ne. Wani yana ɗaukar ja, wani shuɗi, wani kore-kore, kuma bambancin da fitilar shago ke ɓoyewa ranar Jidda za ta tona shi. Ki fita da yadin bakin ƙofa ki duba, ki yanka riga ɗaya daga bandir ɗaya, kuma duk sassanta su fuskanci gefe guda, in ba haka ba hannu zai fito da wani baƙi jiki da wani. Wannan lahani kuma shi ne makaminki idan da gangan kika yi shi: baƙi mai shanye haske a jiki, siririn baƙi mai sheƙi a bakin hannu da gaban riga, ya isa ya ba ido abin komawa ba tare da an ƙara launi ba.

Bayan yadi sai yanka, kuma a nan ne mafi yawan masu ɗinkin abaya suke da rauni, domin sun saba da awo guda uku da ake bambantawa da tsawo kawai. A rigar da babu ado, layin kafaɗa shi ne abin da ido zai fara sauka a kai, don haka ki yanke shawara a kansa: ko ya zauna daidai kan ƙashin kafaɗa, ko ya sauka ƙasa sosai yadda kowa zai san nufi ne, amma kada ya tsaya a tsakani inda zai yi kama da rigar aro. Haka faɗin hannu da faɗin ƙasa. Idan ɗaya ya yi yalwa, ɗayan ya kame. Tattara guda mai zurfi a tsakiyar baya, wadda take rufe idan an tsaya take buɗewa idan an taka, ta fi duwatsu ɗari ba riga rai, saboda tana canzawa da motsin mai ita. Idan kin yanka wani sashe a karkace, ki rataye rigar ta kwana ɗaya ko biyu kafin ki yi kalmasa, domin yadin zai saki, kuma idan kika yi gaggawa ƙasan zai fito wani gefe ya fi wani. Kada kuma ki raina amfani a matsayin ado: hannun da za a iya naɗewa a yi alwala ba tare da an cire abaya ba, aljihun da aka ɓoye a cikin haɗin gefe wanda zai ɗauki waya bai ja rigar ƙasa ba, tak-tak, wato maɓallin dannawa, da aka rufe da ƙyalle yadda gaban zai kwanta lif. Macen da ta sa irin wannan riga mako guda ba za ta ƙara kiranta lami ba, domin jikinta ya gano abin da idonta bai gani a rataye ba.

Gamawa ita ce ta uku. Yadi mai santsi yana tona duk wani tsuke-tsuken zare, don haka ki sassauta zaren keke, ki sa siririyar allura mai lamba 60 ko 70, ki ƙanƙanta taku zuwa ɗinki huɗu ko biyar a santimita, ki gwada a kan guntu kafin ki taɓa riga. Haɗin ciki ki naɗe bakinsa ya ɓuya maimakon ki bar shi da datsen inji, musamman a abayar da ake sawa a buɗe, wadda cikinta yake a bainar jama'a. Guga kuwa daga ciki ake yi, ko a ɗora ƙyalle a tsakani, domin dutsen guga mai zafi yana bar wa baƙin roba sheƙin da ba ya gyaruwa.

Ba kuma dole ne ki kori ado gaba ɗaya ba, abin da ake so shi ne ki tara shi a wuri guda ki bar sauran fili ya huta. Babbar riga ta koya mana haka: aska takwas tana zaune ne a kan aljihu da wuya a gefen hagu, da tambari a ɗaya gefen da kuma baya, sauran faɗin rigar fili ne, kuma filin ne yake sa aikin ya fito. Mishlah, alkyabbar maza da ake yi a Al-Ahsa ta gabashin Saudiyya, ma haka yake, siririn ulu ne mai launi ɗaya da zaren zinariya a wuya da gaba kaɗai. Da ni ce ke, da na gwada ɗaukar zanen aska in yi shi da baƙin zare a bakin hannun baƙar abaya, da hannu ba da inji ba. Balarabiya za ta ga zane mai kyau da ba ta saba gani ba, Bahaushiya kuwa za ta gane rigar babanta, kuma wannan abu ne da masu odar kaya ta intanet daga Sin ba za su iya kawo mata ba.

Akwai wata gundurar da ba daga rigar take ba, daga waya take. Kyamarar waya tana mayar da baƙin yadi dunƙule guda marar fuska, duk saƙa da tattara da sheƙi su ɓace, alhali dutse yana walƙiya ko a mummunan hoto, kuma mai zazzage Snapchat ko Instagram daƙiƙa ɗaya take ba kowace riga. Ki ɗauki hoto da hasken rana da ke shigowa ta gefe da safe ko bayan la'asar, ki fi ba da ƙarfi ga gajeren bidiyon da ake tafiya da rigar, ki matso da kyamara kan bakin hannu da haɗin ciki.

Game da taki gundurar, ki tambayi kanki ko sauƙin ne ya ishe ki ko maimaitawa. Idan kin yi watanni kina yanka abaya daga takardar awo guda, babu wata matsala da ta rage da za ki warware, kuma tela da ba shi da matsalar warwarewa dole ya ƙosa. Ki ɗora wa kanki sharaɗi mai wuya, misali ki fitar da abaya daga ƙyalle ɗaya da haɗi biyu kacal, ko ki yanka ta yadda ba za a zubar da ko guntu ba, ko ki ajiye takarda ki rataya yadi a jikin mutum-mutumin ɗinki ki bi inda ya so zuwa. Idan bayan haka har yanzu hannunki yana ƙaiƙayin launi, to ki saurare shi, wataƙila a hotunan wasu kika ari son sada ba a ranki ya tsiro ba. Kuma kada ki yarda a shigar miki da tunanin cewa rashin ado ya fi kusa da taƙawa a kowane hali. An hana almubazzaranci da tufar neman suna, amma a cikin Suratul A'araf an umarci 'yan Adam su riƙi adonsu a wurin kowane masallaci, kuma a hadisin da Muslim ya ruwaito, da wani ya ce mutum yana son tufarsa da takalminsa su yi kyau, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya amsa masa cewa Allah mai kyau ne yana son kyau. Tufar shuhura tana iya zama mai dutse, tana kuma iya zama sada mai tsada da aka sa don a raina na wasu.

Saura batun kuɗi, wanda shi ne zai yanke ko wannan hanya za ta ɗore miki. Abaya sada da aka yi yadda na bayyana za ta fi mai dutse cin kuɗi da lokaci, amma mai saye ba za ta ga inda suka shiga ba sai kin nuna mata, don haka ki ajiye guda biyu ko uku na gwaji a shago, ki sa ta saka ta taka, ki juya mata cikin rigar, ki ɗora mata yadin kasuwa kusa da naki a bakin ƙofa. Ki nemi masu sayen wannan layi a cikin matan da ke fita aiki kullum, malaman makaranta da ma'aikatan asibiti da na ofis, waɗanda suke buƙatar rigar da za a sa sau uku a mako ba a shaida ta ba, kuma kada ki ɓata ƙarfinki wajen shawo kan uwar amarya a makon biki. Ga wadda take tsakani, ki raba adon da rigar: ki ɗinka abayar sada, ki sayar mata da tarha biyu daban, ɗaya sada ta ranakun aiki, ɗaya mai sirfani ta fita unguwa, ki rubuta farashin kowace a kan takardarta tun kafin a fara ciniki.